Kassimu, Direban da Ba Ya Tuƙi

Duk wanda ya zauna a layinmu na Mahjar ya san Kassimu Sawwag. Sawwag a bakin mutanen Jidda direba ke nan, kuma abin da aka rubuta a iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke nan, direban gida. Ni Rabi, da nake maƙwabtaka da shi tun ina amarya har ga shi na fara aurar da 'ya'ya, ban taɓa ganin hannunsa a kan sitiyari ba. Ko keke bai iya ba. In zai tsallaka titi sai ya jira wani ya fara, sannan ya bi bayansa yana salati.

Mutumin Maraɗi ne. Ya zo Umra yana saurayi, ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi, ya yi aski, sai ya manta hanyar filin jirgi, kamar yadda iyayenmu da yawa suka manta kafin shi. Ya yi wanke-wanke a wani gidan abinci a Bab Makka, ya yi dakon yadi, daga nan ya faɗa shagon Abduljalil. Shi Abduljalil haifaffen nan ne. Kakansa ya zo aikin Hajji a ƙasa daga Kano, don haka yana da takardar ɗan ƙasa, da shagon yadi, da gidan gado mai ɗaki uku. Dogo ne, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. Kassimu kuwa gajere ne, kuma in ya fara zuba sai kiran salla ke tsayar da shi.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba, na tsufa da wannan. Mutanen nan biyu son juna suke yi, irin son da ke hana mutum sa hannu a abinci sai ɗayan ya dawo. Zaman da suka yi a gidan nan zaman aure ne a komai, ban da shaidu da goro. Ni ba malama ba ce. Na san abin da malamai suka ce, na kuma san ba ni aka ba aikin hisabi ba. Abin da idona ya gani nake faɗa: kusan shekara talatin ban ji an fasa kwano a gidan ba, alhali a gidajenmu masu shaidu da goro har tukunya ta sha tashi sama.

A ƙasar nan abu irin wannan ba shi da suna a kowane ofis sai a gaban alƙali, kuma baƙon da ya ji sunan a can, daga kurkuku sai jirgi. To yaya namiji baƙo zai zauna a gidan namiji ɗan ƙasa shekara da shekaru ba a ɗaga gira ba? Sai in ma'aikacinsa ne. Abduljalil ya nemi masu sanin hanya, ya zama kafilin Kassimu, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, aka rubuta direba. Tunda direba ba ya yiwuwa babu mota, ya sayi wata tsohuwar Kirsida, aka turo ta da hannu har ƙofar gida, aka lulluɓe ta da tamfol. Kyanwoyin Mahjar sun haihu a ƙarƙashinta zuri'a bayan zuri'a.

Mu kuma mutanen layi muka karɓi namu aikin, kuma mun yi shi da gaskiya. Kowa ya sani, ba wanda ya sani. Da safe in Kassimu ya fito da kwandon cefane sai maza su ce, “Sawwag, ya mota?” Shi kuma ya ce, “Tana jiran makaniki.” A yi dariya, a wuce. Makanikin nan ya fi kowa daɗewa a hanya a tarihin Jidda.

Aikinsa na gaskiya shi ne gidan. Shi ne girki, shi ne guga, shi ne ya san ranar da maganin Abduljalil zai ƙare. Hannunsa a tukunya kuwa, Allah ya ba shi. Duk Juma'a bayan an sauko, mazan layi sukan taru a gidan su ci shinkafa da nama, maigidana a ciki. Shugaban masu zuwa shi ne Malam Abdulghani, dattijon unguwa, mai farin gemu da doguwar tasbaha, wanda ba a ɗaura aure ko raɗa suna a layinmu ba ya nan. Bai taɓa fashin Juma'a ba, ta masallaci da ta shinkafa.

Wata rana suna cikin ci sai talabijin ta nuno wata ƙasar Turawa, maza biyu sun fito daga ofishin ɗaurin aure riƙe da takarda ana watsa musu furanni. Maigidana ya ce Malam Abdulghani ya yi a'uziyya da loma a bakinsa, ya ce duniya ta zo ƙarshe, ya ce da shi ke da iko da ƙasa ta haɗiye su. Sannan ya miƙa farantinsa Kassimu ya ƙara masa nama. Washegari Kassimu ya kawo mini ragowar miya, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya murfin kwano.

“Ummu Mashael,” ya ce, don da sunan 'yata yake kirana, “ni furen bai dame ni ba, mi zan yi da fure? Amma an ce takardar nan, in guda ya kwanta gidan likita, gudan ake kira. Bon, wannan kam abu ne.”

Na ce masa ya rufa mana asiri ya rage murya. Ya yi dariya ya tafi.

Ciwon suga ya daɗe yana cin Abduljalil, daga baya ya taɓa ƙoda. Aka shiga zaryar wankin ƙoda. Ranar zuwa asibiti sai ka ga direba da ubangidansa sun fito, sun wuce Kirsida, sun tare tasi, sun zauna a kujerar baya su biyu wani yana tuƙa su. A asibiti ma'aikata suna yaba Kassimu, suna cewa ba su taɓa ganin ma'aikaci mai amana irinsa ba. Shi ke ɗaga shi, shi ke sa masa takalmi, shi ke goge masa baki. Amma in likita zai yi bayani sai a ce direba ya jira a waje, a kira dangi.

Dangin kuwa mutum ɗaya ne a Jidda, Raed, ɗan yayar Abduljalil. Yana zaune can arewacin gari inda gidaje ke da masu gadi, yana aiki a wani kamfani, yana zuwa gaida kawunsa ranar Salla da ƙaramar kwalbar turare, ya sha shayi rabin kofi ya tafi. Yana jin Hausa, amma in zai yi ta sai ya yi ta ciccije ta da Larabci.

Ranar wata Talata da hantsi rai ya yi halinsa. Asibiti suka buga wa Raed. A lokacin Kassimu yana zaune a kan benci a bakin ɗakin, da filas ɗin kunun gyaɗa a cinyarsa, yana jiran a ba shi izinin shiga. Ma'aikata suna ta wucewa ta gabansa, ba wanda ya ga dalilin gaya wa direba. Sai da Raed ya iso, ya shiga, ya fito, ya sa hannu a inda ake sawa, sannan ya lura da shi.

“Amm Gasim,” ya ce, haka yake kiransa, “khali, kawuna, ya rasu, Allah yirhamu. Ka koma gida ka share falo, mutane za su zo.”

Ya koma ya share. Na same shi yana sharar, na karɓe tsintsiyar da ƙarfi. Bai yi kuka ba a lokacin. Ya ce mini, “Abu guda nike so, Ummu Mashael. In ga inda za a aje shi.”

Ba ƙaramin abu ya roƙa ba. A nan ba a jinkirta gawa, kuma ba a rubuta suna a kabari. Dutse a kai, dutse a ƙafa, mai shago da ɗan dako duk ɗaya. Wanda ya tsaya aka sa nasa a gabansa shi ya san wurin. Wanda bai je ba, sai dai ya riƙa yin addu'a daga bakin ƙofa. An tsayar da cewa za a yi masa salla bayan la'asar a masallacin da ke jikin maƙabarta, a rufe shi nan take.

Bayan azahar maza suka taru a ƙofar gida. Masu hayar kujeru suna sauke kaya don zaman makoki, mu mata muna ciki, ni ina jikin taga don ba na iya zama wuri ɗaya. Kassimu ya fito cikin farar jallabiya, ya tsaya a gefe kusa da Kirsida yana jiran a ce wace motar zai shiga. Sai Raed ya sauke waya daga kunnensa ya yafuto shi.

“Amm Gasim, ta'al. Ummi tana zuwa daga Dammam, jirginta yana sauka da la'asar. Ga makulli, baƙar motar can. Ka ɗauko ta ka kawo ta wajen mata. Ba ta shiga motar baƙo, kuma akwai kujerarta mai taya. Ni lazim in tsaya a jana'iza. Yalla, kada ta jira.”

Raed ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Laifinsa ɗaya, shi kaɗai ne a duk taron ya yarda da abin da muka shekara talatin muna faɗa. An ce masa kawunsa yana da direba, ga direba, ga aikin direba ya taso.

Maza sun fi ashirin a tsaye, kuma kowannensu yana da ƙarya mai sauƙi a aljihu. Wani zai iya cewa idon Kassimu ya raunana. Wani zai iya cewa lasisinsa ya ƙare, ko ya ce bari ɗana ya je. Mutanen da ke iya ƙirƙiro uzuri goma in an zo karɓar gudummawar masallaci, ranar nan ko ɗaya ya gagare su. Don wanda ya fara buɗe baki ya nuna ya san abin da ya sa bai kamata a aiki Kassimu ba, wanda ya sani kuwa ana iya tambayarsa tun yaushe ya sani, da abin da ke kai shi gidan duk Juma'a. Maigidana ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Kassimu ya dubi Malam Abdulghani. Ba wani dogon kallo ba ne, irin wanda kake yi wa wanda ya ci abincinka ne. Malam ya ja tasbaha, ya yi gyaran murya.

“Aikin lada ne, Sawwag,” ya ce. “Hidimar 'yar'uwar mamaci ma wani yanki ne na jana'iza.”

Saura Kassimu da kansa. Zai iya cewa bai iya tuƙi ba, kalma huɗu. Amma a gaban Raed ne, da abokan aikinsa da suka biyo shi, baƙin fuska masu tsadar agogo. Tambayar da za ta biyo baya kowa ya san ta: to me kake yi a gidan kawuna duk shekarun nan? Ga Abduljalil ko rufe shi ba a yi ba. Ya sa hannu biyu ya karɓi makullin, ya ce, “Tayyib.”

Motoci suka tashi, layin ya zama ba kowa sai masu jera kujeru. Na yafa abaya na fito, raina yana tafasa. Na same shi a jikin baƙar motar yana danna makullin. Bayan motar ya buɗe da kansa, ya sake dannawa ya rufe, ya sake dannawa fitilu suka yi walƙiya. A nan ne ya fashe da kuka, a tsaye, kamar ƙaramin yaro da ya ɓata a kasuwa.

Na buga wa 'yata Mashael. Tana aiki a shagon tabarau a wata babbar kasuwa, kuma tun shekarar da aka bar mata su yi tuƙi ta karɓi lasisinta. Ita ce direbar gaskiya ta farko da layinmu ya haifa, kuma ita ma Malam Abdulghani ya yi mata nata wa'azin. Na ce ta bar komai ta zo ta ɗauki motar Raed, don tata 'yar mitsitsiya ce, kujerar mahaifiyar Raed ba za ta shiga ba. Ta ce sai mai shagon ya yarda.

Na ce wa Kassimu, “Ba ni makullin, ka tari tasi ka bi su.”

Ya ƙi. “In ba a bar ta ta taho ba fa? Yayar Abduljalil ce, tsohuwa, bisa kujera. In na bar ta zaune a filin jirgi, mi zan ce mishi?”

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba. Yana riƙe da makullin a ƙirji yana kallon bakin layi. Sai da aka fara kiran la'asar sannan Mashael ta shawo kwana. Ta karɓi makulli, ta buɗe masa gaba, shi kuwa ya zagaya ya shiga baya saboda sabo. Ta ce mini da suka kusa maƙabarta, kafin ta wuce filin jirgi, ya roƙe ta ta sauke shi kafin kwanar ƙarshe kada Raed ya ga wanda ke tuƙi. Cunkoson la'asar ya riga ya cinye musu lokaci. Ta hango shi ta madubi yana gudu, tsoho mai ciwon gwiwa, ya tattare jallabiya.

A bakin ƙofar maƙabarta ya ci karo da su suna fitowa, suna kaɗe ƙasa daga hannuwansu. Raed ya gan shi ya ce ina mahaifiyarsa. Kassimu yana haki ya ce ya ga ya fi dacewa mace ta ɗauko mace, don haka 'yar maƙwabta ta tafi da motar. Raed ya dafa kafaɗarsa ya ce wallahi dabara ce mai kyau, shi bai ma yi tunaninta ba. Ƙaryar ke nan da ta gagari maza ashirin, kuma ko daƙiƙa ba ta ɗauka ba wajen shiga.

Sai Kassimu ya fara tambaya. Malam Abdulghani ya ce ta dama ne, kusa da famfo. Wani ya ce a'a, ta hagu ne, wajen katanga. Maigidana ya ce shi dai ya san akwai katanga. Da ya dawo gida na tambaye shi wace katangar, tunda maƙabartar katanga huɗu gare ta, sai ya ce in bar shi da abin da ke damunsa. Raed ya ce shi yana ta waya da masu kawo abincin makoki, bai lura ba. Duk waɗanda shari'a da al'ada suka ba su wurin tsayawa sun tsaya, ba wanda ya duba.

Mai gadin maƙabartar ya kai shi wani dogon layi na sababbin kaburbura, ƙasarsu ba ta bushe ba, ya nuna da tafin hannu ya ce cikin waɗannan ne, don ranar an rufe mutane da yawa. In ana son sanin takamaimai sai a je ofis. Ya tambaye shi shi wane ne ga mamacin. Kassimu ya ce direbansa. Mai gadi ya ce to ya zo da ɗan'uwansa.

Kwana ukun makoki, Raed da wasu dangi na nesa da ban taɓa gani ba suka zauna a jeren kujerun masu karɓar gaisuwa. Mutane suna bin layi suna yi musu ta'aziyya. Kassimu yana zagayawa da butar gahawa yana zuba wa baƙi. Malam Abdulghani ya yi doguwar addu'a, ya yabi mamaci, ya ce mutum ne da ya kame kansa bai taɓa aure ba don ya ba ibada lokaci. Aka ce amin.

Hajiya Safia, yayar marigayin, ita ba yarinya ba ce. Mashael ta ce tun da ta ga mace ce ta zo ɗaukarta sai ta ce, “An aiki Kassimu ke nan,” ta juya fuska wajen taga. Kafin ta koma Dammam ta sa aka mayar da iƙamarsa a ƙarƙashin sunanta, ta ce ya zauna ya kula da gidan. Don haka yanzu direban wata tsohuwa ne da ke can ɗaya gefen ƙasar. Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma ita ma ba ta faɗi dalili ba.

Maganar ofishin maƙabarta kuwa, Kassimu ya tuna wa Raed, ya ce gobe in sha Allahu. Ya sake tuna masa bayan mako biyu, ya ce wallahi aiki ne ya yi yawa. Da ya ɗaga maganar karo na gaba sai Raed ya tsaya ya dube shi, kallon mutumin da wani lissafi ya fara haɗuwa a kansa, ya ce, “Amm Gasim, me ya sa abin ya dame ka haka? Addu'a tana isa daga ko'ina.” Kassimu ya ce haka ne. Bai ƙara tambaya ba.

An daina shinkafar Juma'a. Mazan layi sun ce gidan ya yi musu kewa, ni kuwa na ce kunya ce, in suna da ita. Yanzu bayan an sauko daga masallaci Kassimu yakan tari tasi ya tafi maƙabarta. Yakan fara daga farkon layin nan, ya tsaya a kan kowane kabari ya yi sallama ya yi addu'a, ya matsa na gaba, har ya kai ƙarshe, don kada ya tsallake na Abduljalil. Mutanen da ke kwance a layin sun yi sa'ar maƙwabci, wasunsu na tabbata 'ya'yansu ma ba sa zuwa.

Rannan ya dawo da yamma, ƙafafunsa duk ƙura, ya zauna a dakalin ƙofarmu yana murza gwiwa. Na kawo masa ruwa. Na ce masa, mutumin da ka zauna da shi shekara talatin, ai in ka zo kansa zuciyarka za ta gaya maka.

Ya shanye ruwan, ya miƙo mini kofin.

“Ni ma haka na zata, Ummu Mashael,” ya ce. “Na tsaya gaban kowane guda na saurara. Ba ta gaya mini ba.”